Rasuwar Dogo, Bututun Baba Tsatsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da an sunkuyar wa kowa da kai ba, ake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa kwanciya rigingine a ƙarƙashin matacciyar mota tsatsa na zuba masa a ido, rasuwar Dogo, bututun ƙarfen Baba Tsatsa mai kwance kayan tsofaffin motoci. Dogo ya rasu a bakin aiki, da hantsi, a can ƙarshen filin matattun motoci, bayan doguwar jinyar da har yau mai shi bai yarda cewa jinya ce ba. Ya karye gida biyu, kuma bai yi raki ba.

Saboda waɗanda ba su san mamacin ba, Dogo bututun ruwa ne na ƙarfe mai kauri, irin na da, wanda in an tsayar da shi yakan kai wa mai shi ƙirji. Aikinsa guda ne a duniya. Idan noti ya ci tsatsa ya kafe, sifana ta yi iya yinta ta gaza, sai a zura ƙotar sifanar a bakin Dogo, a kama ɗaya ƙarshen a danna. Nan take ƙarfin mutum ɗaya yakan koma na taron ƙarti. Ba a kanti aka saye shi ba, bai zo a kwali ba, babu sunan kamfani a jikinsa. A wani gida da ake rushewa Baba Tsatsa ya tsinto shi, tun kansa ba furfura ko ɗaya, tun babbar 'yarsa tana rarrafe. Yau ita ce ma'aikaciyar jinyar da kowa ke kira Nas. Masu cewa ai bututu ne kawai, ana roƙonsu su tsaya nan da karatu, sanarwar ba tasu ba ce.

Filin da mamacin ya yi rayuwarsa yana da doka. Motocin na mai fili ne, kayan aiki da gumi kuwa naka ne. Ka shigo da jakarka, ka nemi motar da ta dace, ka kwance abin da kake so da hannunka, ka nuna a bakin ƙofa. Ba a shiga da wuta, ba a shiga da jak, domin an riga an ɗora kowace mota a kan tsofaffin rim. Maigadi yakan leƙa jaka in za a shiga, ya sake leƙawa in za a fita, shi ya sa kowane mai hankali yake shafa wa kayansa fenti, kada a ce a ciki ya tsinta. Launin Baba Tsatsa rawaya ne. Ranar da Dogo ya fara zuwa an manta ba a shafa masa ba. Da aka zo fita, Maigadi, wanda shi ma a lokacin saurayi ne mai ji da kansa, ya tare hanya ya ce wannan ai ƙarfen fili ne, a ajiye. Baba Tsatsa ya nemi wuri ya zauna a tsakiyar ƙofar, ya ɗora Dogo a cinya, ya ce shi da abinsa a nan za su kwana, wanda zai wuce ya tsallaka. Ba a kai ga kwanan ba. Washegari Dogo ya dawo da rawayar ɗamara a wuya, kuma tun daga ranar Maigadi yakan gaida shi kafin ya gaida mai shi.

Mamacin mai haƙuri ne, mai juriya, wanda bai san girman kai ba. Rana ta gasa shi har ya ƙi taɓuwa, ruwan sama ya dake shi, bai taɓa cewa yau ba ya jin daɗi ba. Bai taɓa neman caji ba, ba kamar na'urorin nan da samarin yanzu ke shigowa da su ba, masu ihun banza, waɗanda kafin rana ta take batirinsu ya mutu, ka ga mai su yana zagaye yana muzurai. Da yawansu a ƙarshe wurin Baba Tsatsa suke zuwa, murya ƙasa-ƙasa, a taimaka a ara musu Dogo. Yakan ara, amma sai ya biyo bayansa, domin Dogo bai taɓa kwana a hannun wani ba. An tokare bonet da shi, an banƙare ƙofar da haɗari ya manne, an rataya masa lagireto an saɓa a kafaɗa, an fitar da maciji da shi daga cikin but ɗin mota. Duk waɗannan ba aikinsa ba ne, amma ya yi.

Ba mai yawan magana ba ne, amma waɗanda suka zauna da shi ba za su manta muryarsa ba. In an dawo gida da yamma ana jan sa a kan tsakuwa yakan ce ƙarrr, ƙarrr, matar gidan na ji tun daga nesa ta ɗora ruwan wanka. In ya kama noti kuwa, da farko shiru yake yi, shiru mai nauyi. Can sai ka ji ƙiiii, kamar tsohuwar ƙofa. Sannan ƙwas. Duk wanda ya taɓa yini yana fama da noti ɗaya ya san babu abin da ya kai wannan ƙwas ɗin daɗi a kunne.

Ya rasu ya bar iyali masu yawa, kusan dukansu a jakar tamfol ɗaya. Akwai aminiyarsa babbar sifana, wadda ta fi kowa sanin cikinsa, yanzu tana kwance ba mai ƙara mata tsawo. Akwai ƙannenta ƙananan sifanoni, da ake zarge su a waya ɗaya saboda sun cika yawon banza a cikin ciyawa. Akwai guduma mai zafin zuciya, da kurfi da ya saba shan dukanta. Akwai filaya, da sukudireba biyu, da zarton ƙarfe wanda ba a kiran sa sai sulhu ya gagara. Ya bar 'yar kwalbar man birki da ake ɗiga wa noti ya sha kafin a fara yi masa magana, da gwangwanin da ake tara notuna a ciki don kada a kai kaya gida babu abin ɗaure shi, da baro mai kuka. A ɓangaren mutane ya bar Baba Tsatsa, da matarsa, da Nas. Nas ba ta yi kuka ba, kuma babu amfanin ɓoye wannan.

Game da jinyarsa, an yi ta yaɗa maganganu, gara a faɗi yadda abin yake. Ba tsatsa ce ta ci Dogo ba, domin kullum sai an goge shi da baƙin mai. Kafaɗar Baba Tsatsa ta dama ce ta fara yi masa gardama. Da farko da sanyin safiya kawai take riƙewa, daga baya ta kai ba ya iya sa riga sai matarsa ta ɗaga masa hannu. Da dannawa da hannu ta gagara, bai gaya wa kowa ba. Sai ya koma dafa jikin mota da hagu, ya hau kan Dogo da ƙafa biyu, ya yi ta sukuwa har noti ya saki. Ba don wannan aka yi bututu ba. Amma Dogo ya ɗauki maigidansa ɗungurungum, yau da gobe, har bayansa ya fara lanƙwasa. In ya lanƙwashe ta nan, sai a juya shi a hau ta can ya miƙe. Maigadi ya taɓa nuna wata 'yar tsaga kusa da ɗamarar, Baba Tsatsa ya ce fenti ne ya dare.

A cikin wannan hali ne aka yi maganar da ta jawo duk abin da ake ciki yanzu. Wata ranar hutu Nas ta zo gida, ta zaunar da mahaifinta tana murza masa man zafi a kafaɗa, shi kuma yana cije baki yana yi kamar ba ya jin komai.

"Baba, wannan kafaɗar fa ta gama nata. Ka ajiye jakar nan haka."

"Uwata," in ji shi, don haka yake kiran ta, "wa ya ce miki da kafaɗa nake aiki? Dogo ke aiki, ni rakiya nake yi masa."

"To ranar da shi Dogon ya gaji fa?"

Ya yi dariya har kafaɗar ta amsa. "Ranar da Dogo ya mutu, ranar zan ajiye jaka. Ki rubuta ki ajiye."

"Mama, kin dai ji ko?"

"Na ji," in ji matarsa daga kicin.

Ya faɗa ne irin faɗar mutumin da ya tabbata ranar ba za ta zo ba. A ganinsa shi ne zai riga Dogo tafiya, har ya taɓa tunanin wa zai bar wa shi.

Ajali ya same shi a jikin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, fara, mai fasasshen gilas, da ke jingine da katangar ƙarshen fili. A tsakiyar ƙafarta ta gaba akwai wani ƙaton noti da ya shekara yana shan ruwa da rana. An ɗiga masa mai, an ƙwanƙwasa shi da guduma, ko gezau. Baba Tsatsa ya sa babbar sifana, ya zura Dogo, ya dafa mota, ya hau. Dogo ya yi shirunsa da ya saba. Ya ce ƙiiii. Abin da ya biyo baya ƙara ce da ba a taɓa jin ta daga bakinsa ba, ɓas, ta cika filin har tsuntsaye suka tashi daga kan katanga. Da Maigadi ya iso a guje, ya tarar da Baba Tsatsa zaune a ƙasa, jini na bin girarsa, rabin Dogo a hannunsa, ɗaya rabin yana lilo a jikin sifana. Bai bari an taɓa girar ba sai da aka miƙo masa ɗaya rabin.

Nas ce ta wanke ciwon. Ta ɗaure shi, ba ta yi wa kowa ta'aziyyar Dogo ba. Ba muguwa ba ce, kada mai karatu ya ɗauka haka. Ta ga inda girar ta tsage, ta ga kuma ɗan abin da ya rage ya zama ido. Washegari sai ga kujera an kawo gidan, mai laushi, mai wurin miƙe ƙafa, aka ajiye ta a baranda inda inuwa ke sauka.

Baba Tsatsa ya zagaya kujerar ya duba ta gaba da baya, yadda yake duba motar da haɗari ya kawo fili. A gaskiya tsoro ne ya kama shi. Mutumin da ya kwanta a ƙarƙashin motocin da ke lilo a kan rim, bai taɓa jin gabansa ya faɗi ba sai a gaban kujerar nan. Ya san sa'o'insa da aka saya wa irin ta. Ya je gaishe su, ya ga yadda hannuwansu suka yi fari suka yi laushi, yadda suke tambayar ƙarfe nawa alhali ba inda za su. Ya san in ya zauna, ba wanda zai sake tsayawa a kansa ya ce Baba, don Allah zo ka duba min wannan.

"Baba, ka tuna maganarmu," in ji Nas.

"Na tuna. Ni ba na magana biyu, Uwata. Amma ba zan bar filin nan notin da ya kashe Dogo yana ɗaure yana yi min dariya ba. Bari in kwance shi. Ranar da ya kwance, in binne Dogo, in ajiye jaka, in zauna a abin nan naki."

Ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyar ta dubi tukunya. Nas ta lissafa a ranta, noti ɗaya dai, in ya yi yawa jibi. Ta ce ta yarda.

Ana godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya da zuciya ɗaya. Waɗanda suka zo suna cewa Allah Ya sa hakan shi ne mafi alheri suna satar kallon kujera, an gan su, an kuma gane su. Mai walda na bakin titi ya ce a kawo ya haɗa shi kyauta. An gode masa, amma Dogo bai rayu da faci ba, ba zai dawo da faci ba, kuma duk ɗan sana'a ya san inda aka yi walda nan yake sake karyewa. Wani kuma ya turo sabon bututu mai sheƙi. An ɗaga shi an ji nauyinsa, an mayar masa da abinsa ya yi shanya da shi.

Tun daga nan Baba Tsatsa yake sammako zuwa fili kamar da, da jakarsa da baronsa, sai dai kafaɗarsa ba komai a kai. Yakan wuce kai tsaye wurin farar motar, ya durƙusa, ya ɗiga wa notin mai, ya ƙwanƙwasa shi a hankali, ya girgiza kai. Tunda kuma ya riga ya shigo, kuma mai yana buƙatar lokaci kafin ya ratsa, ba laifi ba ne in ya ɗan zagaya. Wannan yana neman madubin gefe, wancan fitilar baya, wani hannun ƙofa, duk aikin sukudireba ne da hannun hagu ke iya yi. Jibi ta wuce, mako ya wuce, wata ya kama. Babbar motar da ke kwashe gangar motocin da aka gama ci ta zo ta tafi, ta sake zuwa ta tafi, kullum Maigadi yakan manta ya nuna mata farar motar. Kujera kuwa tana nan a baranda, matar gidan na shanya tsumma a kanta.

A nan ya zama dole a yi tir da wata jita-jita. Wasu marasa aikin yi suna cewa wai a ƙarar nan ta ƙarshe ba abu ɗaya ne ya saki ba, biyu ne. Wai Dogo sai da ya kayar da notin sannan ya faɗi, ƙarar karyewarsa ce ta rufe ƙwas ɗin. Wai washegarin rasuwar Dogo, Baba Tsatsa ya sa yatsa biyu notin ya juya, ya daɗe durƙushe a wurin yana share ido da bayan hannu, sannan ya mayar da shi ya ɗaure. Har suna ƙarawa da cewa kowace yamma kafin ya tafi yakan waiga hagu da dama ya ƙara matse shi. Iyalan mamacin ba su ga wannan ba. Masu faɗa su ji tsoron Allah, su kuma kula da motocin da ke gabansu.

Maganar dai ta kai kunnen Nas. Ranar nan da rana tsaka sai ga ta a bakin ƙofar fili, da fararen kayan aikinta da farin takalmi. Maigadi ya ce ba a shiga da irin wannan takalmin, akwai gilas da ƙusa. Ta dube shi, ya matsa. Ya ce kuma ƙarshen filin da nisa, ta ce ya nuna mata. Haka ya wuce gaba tana biye, yana ta tari da ƙarfi ko wani zai ji.

Sun tarar da Baba Tsatsa zaune a kan kifaffen bokiti a inuwar farar motar. Wani direba na tsugune a gabansa da wani ƙarfe a hannu, Baba Tsatsa na nuna masa da yatsa inda ya cinye, yana yi masa faɗa yana dariya. Nas ta tsaya ta daɗe tana kallon sa kafin ya gan ta. Rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin kujera ta shigo gidan.

"Uwata, me ya kawo ki cikin ƙarafa?"

"Na zo ganin notin ne, Baba. Wanne ne?"

Ta bi inda mai ya jiƙa ƙasa, ta tattare farar rigarta, ta durƙusa. Ta sa yatsunta a kan notin. Maigadi ya ce shi daga nan bai ga komai ba, wani abu ne ya faɗa masa a ido. Abin da ya sani kawai, ta daɗe a durƙushe, bayanta na kallon su, Baba Tsatsa kuma ya cire hularsa yana murza ta a hannu kamar wanda aka kai gaban alƙali. Can ta miƙe, ta karɓi tsumma ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, Baba, wannan ai ya kafe sosai," in ji ta. "Da saura."

"Da saura, Uwata."

"A bi shi a hankali. Amma wallahi in na ji ka hau kan wani abu, ko bokitin nan ne, da kaina zan zo in kwance shi."

Ya ce ya ji. Ta juya ta tafi, baƙin mai a gwiwar farar rigarta, ba ta ko kakkaɓe ba.

Dangane da jana'iza, ga abin da aka tsayar. Gawar mamacin tana bayan ƙofar ɗakin Baba Tsatsa, a naɗe cikin buhu mai tsabta. Ba za a ɗora shi a sikelin 'yan gwangwan ba, ko nawa za su saya. A gindin katangar ƙarshen fili za a haƙa masa, inda ya faɗi. Ana karɓar gaisuwa kowace rana a inuwar farar motar, daga safe zuwa lokacin da rana ta yi zafi, domin bayan nan mai makoki yana da umarnin Nas na komawa gida. Mai zuwa ya sako takalmi mai kauri, ya riƙo safar hannu da ruwan shansa da kwalin shimfiɗa, in kuma yana da abin da ya gagare shi a motarsa, ya taho da shi a duba. Kada wanda ya zo da bututu. Kada wanda ya ce zai taimaka. Duk wanda hannunsa ya kai kan notin nan, ko da wasa, babu shi babu gidan Baba Tsatsa.

Za a yi jana'izar Dogo ranar da notin ya kwance. Ma'aikaciyar jinya ta duba shi da hannunta, ta ce ba yanzu ba. Allah Ya ba mu haƙurin jira, Ya kuma tsawaita shi.